Dalmar Maraɗi

Tun ranar da aka buɗe reshen Kwamitin Kishin Kayan Gida a Jibiya, ko sabuwar taya ɗaya ta ƙasar waje ba ta ƙara shigowa Nijeriya ta wannan iyaka ba. Wannan magana ba jita-jita ba ce. Tana shafin farko na rahoton da shugaban reshen, Malam Lawwali, ya aika Kaduna a watan Satumba na 1975. An buga ta da tafireta, kofe uku, an ja mata layi da jan biro. Duk wanda ya yini a shingen Magama yana kallon ƙafafun motoci zai ba da shaida: tsofaffin tayoyi kaɗai ke shigowa. Wasu ma a cikin sa'a guda suka tsufa.

Aikin Kwamitin shi ne ya sa mutane su so kayan ƙasarsu. Takardar da ta kafa shi ba ta faɗi yadda ake auna so ba, saboda haka aka ba shi ofis mai fanka biyu, da tuta, da farar Fijo, aka bar wa Allah sauran. Shekarar kuɗin mai ce, ba a rasa abin sayen tuta ba. Ma'aikatansa uku ne: Malam Lawwali, da akawu wanda ƙanen matarsa ne, da direba, Luka.

Luka mutumin Gangara ne. Shekara goma sha tara yana jan motar hukuma, bai taɓa take ko kaza ba. Mahaifinsa ya mutu a kan addinin kakanni, da tulun burkutu a gefen shimfiɗarsa. Shi Luka ya shiga majami'a, ya ajiye ƙwaryar giya shekara goma sha huɗu da suka wuce, bai sake ɗagawa ba, har aka zaɓe shi cikin dattawan ikilisiya. Ran Lahadi shi ke riƙe tasar baiko, domin an san hannunsa ba ya zubar da komai.

A wannan kakar ce aka shiga sharar ma'aikata. Kowace yamma rediyo na karanto sunaye, kowane suna da dalilinsa a gefe: tsufa, rashin lafiya, lalaci, shan giya. Hedkwatar Kwamitin ta aiko da takarda cewa kowane reshe zai ba da nasa kason, kuma Sakatare, Alhaji Abu, zai zo da kansa ran Litinin ya duba. Malam Lawwali ba zai rubuta sunan kansa ba. Ba zai rubuta na ƙanen matarsa ba, in yana son ya ci tuwo a gida. Luka bai yi makaranta mai zurfi ba, amma ya iya ƙirga uku. Abin da ya rage masa ɗaya ne: suna sai da dalili, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. In ya kai Litinin da yamma bai ba su dalili ba, zai ci gaba da riƙe sitiyarinsa.

Ran Juma'a Malam Lawwali ya zagaya Fijo, ya tsuguna, ya shafa tayar gaba. Sumul take kamar bayan cokali, zaren ciki ya fara leƙowa. A Katsina babu taya. A Kano babu taya. An ce suna cikin jiragen ruwa da suka yi layi a bakin teku suna jiran a sauke siminti tukuna. Motar Sakataren ma tana kan duwatsu a Katsina saboda wannan dalili, shi ya sa sai an je an ɗauko shi.

"Luka."

"Ranka ya daɗe."

"Gobe za ka je Maraɗi ziyarar nazari. Na rubuta maka takarda."

"Nazarin me, ranka ya daɗe?"

"Guda huɗu. Ka sa su daidaita su a na'ura, yadda suke yi. In ka dawo ka biya ta wurin mutumin nan na Ɗan Isa. Ba na son in ga sabon abu a ƙarƙashin motar nan."

Luka ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Sunansa ne a jiki, shi kaɗai.

A Maraɗi, inda ake ce wa malam mushe, ya sami garejin Mushe Rabe, wani gajere mai tabarau wanda ke aiki da farar riga kamar malamin asibiti. Ya cire tsofaffin da yatsa biyu, kamar mai ɗauke mushe daga hanya. Ya ɗora sababbin a kan wili, ya ba su iska, sannan ya kai su ɗaya bayan ɗaya kan wata na'ura mai lantarki. Taya ta juya har ta zama inuwa, allura ta karkata, ya tsayar. Ya ɗauko ɗan guntun dalma kamar ɗan yatsan jariri, ya maƙala a bakin wili, ya buga da ƙaramar guduma sau biyu. Ya sake juyawa. Allura ta tsaya cik a tsakiya.

"Ikilibiraj ke nan," in ji Mushe Rabe. "Kowace taya tana da wurin da ta fi nauyi. Ido ba ya gani. A hankali ba ka ji. Sai ka wuce tamanin, sannan ta gaya maka."

"Mu can balansin muke cewa."

"Kuna yi?"

"Muna cewa dai."

Dalma takwas ya sa, biyu a kowace ƙafa. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa Luka ya yi tafiyar da bai taɓa irinta ba a shekara goma sha tara. Ya ɗora goro a kan allon gaba, ya taka har ɗari da goma, goron bai motsa ba. Ya saki sitiyari ya tafa hannu, mota ba ta karkace ba. Har waƙar majami'a ya yi, baiti biyu.

Mutumin na Ɗan Isa, Lado, yana zaune a gindin wata tsamiya kafin a kai shingen ƙasar Nijar, bayan wata katangar zana. Bagobiri ne mai zane a kumatu har kunne. Da can faci yake yi. Da aka kafa Kwamiti sai ya gane cewa gyaran tsohuwar taya wahala ce, tsufar da sabuwa ita ce sana'a. Bai taɓa ganin Malam Lawwali ba, amma kullum yana yi masa addu'a.

"A'a! Bakatsine, bawana! Yau mi yak kawo ka? Ko ubangidanka ya aiko ka ka kama ni?"

"Ka taɓa ganin an aiko mutum ya kama Bagobiri da mota? Igiya ake bayarwa."

Lado ya leƙa ƙarƙashin motar, ya yi fito. "Wanga kaya! Amare huɗu rigis. To, bari mu maishe su zawarawa."

Yana da tsarinsa. Da farko ya bi kowace taya da reza ya aske 'yan gashin roba da ke tsaye a jikin sabuwa. Ya ɗauko dutsen niƙa ya goge rubutun Faransanci na gefe har ya zama tabo. Ya shafa baƙin mai da toka, ya watsa yashi, ya kawo laka daga fadama ya yaɓa, ya bar rana ta yi nata. A tayar baya ta hagu har da facin ƙarya ya liƙa, don kada abin ya yi kyau da yawa. Luka na zaune a kan gungume yana kallo kamar wanda ake yi wa ɗiyarsa aski da kwalba.

Sai Lado ya ɗauko filaya ya nufi dalmar.

"Tsaya! Wannan fa?"

"Wanga shi ne babban ɗan tsegumi. Kai, a ƙasarku wa ka sa ma taya dalma? Mai shinge na ganin ta yana ƙyalli, ya san daga ina aka hito. Ka ga tsohuwa da haƙorin Makka sabo, ai ka tambaya."

"Ba don ita na je Maraɗi ba?"

"Ka je, an yi maka, ka ji daɗi. Mi kake so kuma? In ka ƙetare ka maishe ta."

Luka ya ce to a yi masa alama. Lado ya ɗauko alli, ya ja layi ta cikin wili daidai inda kowace dalma take, ya rubuta lamba irin ta 'yan lakkol, wato 'yan bokon Nijar. Ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙulle na kowace ƙafa a takardar siminti daban, ya zuba masa a hannu.

"Ka gaida mani Malam. Ka ce Allah shi ƙara ma Kwamiti daɗewa."

A shingen Magama mai kaki ya zagaya motar, ya dubi ƙafafunta, ya girgiza kai don tausayi. Ya ce abin kunya ne a ce motar hukuma na yawo da irin waɗannan. Ya rubuta sunan Luka da lambar mota a babban littafi, ya ɗaga sanda.

Malam Lawwali yana jira a ƙofar ofis. Ya zagaya sau biyu, ya taɓa facin ƙaryar da ƙafa, ya gamsu.

"Ranka ya daɗe, saura in mayar da dalmar." Luka ya buɗe hannu ya nuna masa.

"Mece ce wannan?"

Luka ya yi bayani yadda Mushe Rabe ya yi masa, har da allurar.

"A'a. Alhaji Abu a Ingila ya yi karatu. Mutum ne mai ido. Yana ganin wannan zai san ba aikin gida ba ne."

"Sai in sa su ta ciki, ranka ya daɗe, in shafa musu laka. Ba mai gani sai ya kwanta a ƙasa."

"Ba na son ko ƙwayar dalma a jikin motar nan sai baƙo ya tafi."

"In ta wuce tamanin za ta yi rawa."

"To kada ka wuce tamanin. Tseren doki za mu je?"

Luka ya mayar da ƙullin aljihu.

Ran Litinin da safe komai ya tafi daidai. Sun ɗauko Alhaji Abu a Katsina, dogon mutum mai farar shadda da jakar fata, wanda ba ya dariya sai in ya gama magana. Ya dubi tayoyin kafin ya shiga, ya ce wannan shi ne kishi: shugaba ya gwammace ya hau faci da ya hau na waje. Malam Lawwali ya sunkuyar da kai don kunya irin ta mutanen kirki. Luka ya kawo su Jibiya a kan saba'in, allura ba ta gota ba.

Aka duba ofis, aka duba tuta. Aka je Magama aka tsaya a rana ana kallon tsofaffin tayoyi suna shigowa, wasu lakar jikinsu ba ta gama bushewa ba. Aka ci abinci a gidan Malam Lawwali, aka daɗe, domin an yanka rago. Maganar suna ba ta taso ba. Luka na zaune a inuwar mota yana jin nauyin dalma a cinyarsa, ya fara tunanin ko ya tsira.

Ƙarfe huɗu da kwata Alhaji Abu ya dubi agogo ya miƙe. Yana da ganawa a Katsina ƙarfe biyar saura kwata, da mutumin da ba a sa shi jira.

Ya zauna a baya ta dama, kujerar manya. Tun da aka koma tuƙin dama, direba na gaba ta hagu, saboda haka daga wannan kujera ba abin da ake gani sosai kamar hannuwan direba. Malam Lawwali na bayan Luka. Suka fita gari, gero a tsaye dama da hagu an fara yanka.

"Direban nan naka jana'iza yake raka wa?" in ji Alhaji Abu.

"Luka, taka mana."

"Ranka ya daɗe, muna kan saba'in da biyar."

"Na ce ka taka."

Luka ya dubi madubi. Malam Lawwali ya dube shi ta ciki da idon wanda bai taɓa jin kalmar dalma ba. Luka ya taka.

Tamanin. Tamanin da biyar. Sitiyari ya fara da ɗan kaɗawa kamar mai jin sanyi, sannan ya kama rawa sosai. Sandar giya, wadda a Fijo take jikin sitiyari, ta shiga kaɗa kai. Luka ya damƙe da ƙarfi, rawar ta bi ta yatsunsa, ta hau damatsa, har hularsa ta fara zamewa. A baya ba a jin abin sosai, kujerun Fijo masu laushi ne. Gani kawai ake yi: dattijo ya riƙe sitiyari, hannuwansa na karkarwa kamar na mai zazzaɓi.

Alhaji Abu ya daɗe yana kallo. Ya buɗe jaka ya ciro takarda.

"Direba, yaya sunanka?"

"Luka, ranka ya daɗe."

"Luka." Ya maimaita a hankali, kamar wanda ya tsinci abin da yake nema. "Mutumin ina?"

"Gangara."

"To. Wannan rawar fa? Giya ce?"

Luka ya dubi sandar giya tana kaɗawa a gabansa. Tun da rawar ta fara yake neman abin da zai ɗora wa laifi wanda ba taya ba, ga shi babban mutum ya miƙo masa da kansa. In ma akwai bambancin lafazi tsakanin giyar mota da ta tulu, ƙarar hanya ta cinye shi. Har wani sanyi ya ji a ransa.

"Giya ce, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Ta daɗe. Wani lokaci ta lafa, wani lokaci ta tashi."

"Da safe ban ga haka ba."

"Da safe ina bin ta a hankali, ranka ya daɗe. Da yamma ne na ƙara."

"Ka taɓa tunanin rabuwa da ita?"

"Ai ba a tafiya sai da ita, ranka ya daɗe."

Alhaji Abu ya gyaɗa kai yana rubutu. "Ko ba komai kai mai gaskiya ne. Sauran sai an sha fama. Wace iri ce, ta kwalba ko ta tulu?"

Mota ta ci kusan rabin mil kafin maganar ta isa inda za ta. Luka ya zabura.

"Ranka ya daɗe, giyar mota nake nufi! Wannan!" Ya saki hannu ɗaya ya nuna sandar. Hannun da ya saki ba ya karkarwa, amma ba wanda ya duba, domin motar ta ɗan karkace. "Ni shekara goma sha huɗu rabona da ita. Kowa ya sani. Malam ya sani."

Alhaji Abu ya juya. "Malam Lawwali?"

Malam Lawwali yana kallon gero ta taga. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya ƙarya in akwai wata hanya.

"Ni dai ban taɓa kama shi ba, ranka ya daɗe."

"Ba a kama irinsu," in ji Alhaji Abu. Ya rufe biro. Amma shi mutum ne da ya yi karatu a Ingila, yana son a ce ya yi adalci. "Abin mai sauƙi ne. Ran Alhamis zan dawo. A samo wani direba ya ja mu a kan hanyar nan, a wannan gudu. In ta yi rawa a hannunsa, mota ce, sai a kai ta babban gareji a kwance ta tun daga sama har ƙasa a ga abin da ke damun ta. In ba ta yi ba, ka san sauran."

Sun isa Katsina saura minti biyu.

A gida, a ɗakin hayarsu na bayan kasuwa, matarsa Anna ta saurari labarin tana tsince wake. Ba ta katse shi ba sai da ya kai wurin "ba a tafiya sai da ita". Nan ta ajiye faifan.

"Baban Mariyamu, da bakinka?"

"Da bakina."

"Shekara goma sha huɗu ina dafa maka kunun tsamiya a bikin kowa don kada a miƙo maka ƙwarya, ka je ka sha ta a mota da baki kawai?"

Ya ciro ƙullin takardar siminti ya ajiye a tabarma. Ta buɗe ɗaya, ta auna a tafin hannu.

"Wannan ce duka?"

"Ita ce."

"To ai shi ke nan. Ba ni su in jefa a masai. Ran Alhamis ta yi musu rawa har haƙoransu su zube. Sai mu ga wanda ya sha."

Ya ce zai duba. Ya dai mayar da su aljihu.

Ran Laraba bayan la'asar Malam Lawwali ya kira shi ofis, ya aiki akawu sayen goro, ya rufe ƙofa. Har kujera ya nuna masa, abin da bai taɓa yi ba.

"Luka, na yi tunani. Dalmar nan, me zai hana a sa ta ta ciki, a shafa mata laka? Ba mai gani sai ya kwanta a ƙasa."

"Dabara ce mai kyau, ranka ya daɗe."

"Ka yi kafin gobe."

"In na sa, ba za ta yi rawa ba."

"Abin da ake so ke nan."

"In ba ta yi rawa ba, ni ne mashayi."

Malam Lawwali ya gyara zaman tutar tebur. Ya yi magana a hankali, da murya irin ta mai ba da shawara.

"Bari mu duba tare. In ta yi rawa, za a kai ta gareji. Makanikai za su buɗe giya su ga lafiyarta lau. Za su sauko ƙasa. Za su wanke lakar nan. Su ba masu shinge ba ne da ke kallo daga tsaye, hannu za su sa. Za a tambaya wa ya shigo da sababbin tayoyi huɗu ba a biya musu kuɗin fito ba, a motar Kwamitin Kishin Kayan Gida. Za a buɗe littafin Magama. Sunan wa ke ciki?"

"Kai ka aike ni."

"Ziyarar nazari na aike ka. Kofen takardar na nan." Ya taɓa aljihun tebur. "Ni za a yi mini tambayoyi, ba na musu. Wataƙila a mayar da ni wani reshe. Kai kuwa fasa-ƙwauri ne, a wannan zamani na soja. Wanda aka sallama don giya gida yake tafiya, Luka. Yana kwana a ɗakinsa. Kana da gona a Gangara, ko ba haka ba?"

"Ta ƙanena ce."

"Ai ɗan'uwa ne."

Fanka biyu na juyawa a sama. Luka ya dube su. Ɗaya na ɗan kaɗa kai, ita ma ba a daidaita ta ba.

"A rediyo za su faɗa?"

"Suna ɗaya cikin ɗari biyu. Wa ke saurare?"

Duk Gangara na saurare. Akwai rediyo a gidan mai unguwa, akwai a gidan fasto.

Ran Alhamis da hantsi sabon direba ya iso, wani Isiyaku daga Riko, mai shekara talatin da 'ya'ya huɗu, da lasin sabo a cikin leda. Ya tarar da Fijo a bayan ofis an ɗaga ta a jak, Luka na zaune a ƙasa da taya a tsakanin ƙafafunsa.

"Sannu da aiki, Baba. Faci ake yi?"

"Dubawa dai nake."

"In taimaka?"

"Je ka gaida Malam tukuna. Yana son a gaishe shi."

Allin Lado na nan, laka ba ta kai ciki ba. Luka ya buɗe ƙullin farko. Ya nemo lamba, ya ɗora dalma a kan layi, ya buga da ƙaramar guduma sau biyu, yadda ya ga Mushe Rabe ya yi. Ya ɗebo laka a gwangwani ya shafa da babban yatsa har ƙyallin ya mutu. Ya mayar da tayar, ya ɗaure noti biyar-biyar a gicciye, ya koma ta gaba. Bai yi sauri ba, bai kuma tsallake ko ɗaya ba. Ta bakwai ta ɗan buɗe baki, sai da ya matse ta da filaya. Da ya gama ya sauke jak, ya naɗe takardun simintin ya sa a aljihu, ya wanke hannu.

Isiyaku ya dawo. Luka ya miƙa masa makulli.

"Birkinta na kamawa ta dama kaɗan. In za ka sa ta uku kada ka tilasta mata. Ruwa kullum da safe."

"Na gode, Baba. An ce wai tana rawa?"

"Ba ta yi."

Akawu ya ɗauki Isiyaku suka tafi Katsina suka zo da Alhaji Abu. Ƙarfe huɗu aka fito gwaji. Ba a ce Luka ya shiga ba, shi ma bai tambaya ba. Ya taka da ƙafa zuwa bakin gari, inda hanya ta miƙe, ya tsaya a gindin wata bedi.

Ya ji ta kafin ya gan ta. Daga sautin ya san ta haura ɗari. Ta wuce shi fara fat, a miƙe kamar an ja zare, tayoyi huɗu masu laka da facin ƙarya suna juyawa ba ko gyaɗa kai. Ta taga ya hango Isiyaku ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya. A baya Malam Lawwali na nuna wa baƙo gonaki.

Rahoton watan Oktoba ya fita a kan kari, kofe uku. Shafin farko bai canza ba. A shafi na biyu an ƙara layi ɗaya, cewa reshen ya ba da nasa kason.

Ran Asabar Luka ya kai kakinsa ofis a wanke, a goge, a ninke. Akawu ya ce ya sa hannu a takardar sallama, a ƙarƙashin inda aka rubuta dalili. Ya karɓi biro ya rubuta sunansa, harafi huɗu, a kan layi daidai. Akawun ya duba, ya busa tawadar, ya sa a fayil.

Anna na jiran sa a tasha da buhu biyu da tukunya. Motar Gangara ba ta cika ba tukuna. Suka zauna a kan buhunan suna jira.